Cutar dajin Burkitt: yadda kuskuren ɗinki a cikin kuromozom ke kumbura muƙamuƙin yara

Limfoma rukuni ne na cutar daji da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini. Mafi yawan ire-irenta na fitowa ne daga ƙwayoyin da ake kira limfosit B, masu ƙera antikor, wato makaman da jiki ke yaƙar cututtuka da su. A da yawa daga cikin waɗannan cututtuka, idan aka bincika ƙwayar da ta lalace sai a tarar da abu guda: kuromozom biyu sun tsinke, an haɗa guntun wannan da jikin wancan. Likitoci na kiran wannan musaya translocation. Misalin da ya fi shafar Afirka shi ne limfomar Burkitt, ɗaya daga cikin cututtukan dajin da suka fi kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Likitan fiɗa Denis Burkitt, ɗan ƙasar Ayalan, shi ne ya bayyana cutar a 1958, bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi a asibitin Mulago da ke Kampala, a Yuganda. A 1976 aka tabbatar da cewa wani guntun kuromozom na 8 ne ke komawa kan na 14, a 1982 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke daidai wurin tsinkewar, mai suna MYC.

Me ya sa ƙwayar B ke yanka ADN ɗinta?

Kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam na ɗauke da kuromozom 46, dogayen zaruruwan ADN da ke riƙe da umurnin gina jiki. Yawancin sauran ƙwayoyi suna kiyaye waɗannan zaruruwa daga tsinkewa. Ita ƙwayar B da gangan take yanka nata, domin ta haka ne jiki ke samun miliyoyin antikor daban-daban daga ƙwayoyin gado ƴan ƙalilan. Masanin Japan Susumu Tonegawa ne ya nuna hakan a 1976, ya kuma sami kyautar Nobel a 1987.

Yankan na faruwa a matakai biyu. Na farko a cikin ɓargo, lokacin da ƙwayar ke ƙarama. Wasu anzim biyu, RAG1 da RAG2, suna yanka ADN su zaɓi gutsattsari a sake jera su, kamar tela da ke haɗa ƙyalle daga atamfofi daban-daban. Ƙwayoyin gadon antikor suna kan kuromozom uku: na 14, na 2 da na 22.

Mataki na biyu yana zuwa ne bayan ƙwayar ta gamu da cuta. Sai ta shiga kaluluwa ko saifa, ta riƙa rabuwa da sauri, wani anzim mai suna AID ya fara aiki. Ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ne ya gano shi a 1999. AID na sauya harafin C na ADN zuwa U, abin da ke jawo ƙananan canje-canje masu ƙara wa antikor kaifi, yana kuma jawo tsinkewar zaren gaba ɗaya idan ƙwayar za ta sauya ajin antikor ɗinta.

Inda ɗinkin ke kuskurewa

Ƙwaya na da hanyar gyara zaren da ya tsinke, sai dai hanyar da ta fi amfani da ita tana haɗa baki biyu ne kawai ba tare da tantance asalinsu sosai ba. Shi kuma AID ba koyaushe yake tsayawa kan ƙwayoyin gadon antikor ba, wani lokaci yakan taɓa wasu wuraren da ke cikin aiki, har da MYC. Idan kuromozom na 8 da na 14 suka tsinke lokaci guda, kuma suna kusa da juna a tsakiyar ƙwayar, ana iya ɗinke su a juye.

Aikin MYC shi ne umurtar ƙwaya ta girma ta rabu, kuma a yanayin lafiya kunna shi ake yi a kashe. Amma yankin antikor na kuromozom na 14 yana da makunni mai ƙarfi wanda ke kunne kullum a ƙwayar B. Da zarar MYC ya faɗa ƙarƙashinsa, umurnin rabuwa ba ya yankewa. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu limfomar Burkitt na ɗauke da wannan musaya ta 8 da 14, sauran kuma ta 8 da 2 ko ta 8 da 22.

Kuskuren RAG a ɓargo na haifar da wasu ire-iren da suka fi kama manya. A limfoma folikula, BCL2 na kuromozom na 18 ne ke komawa kan na 14, ya hana ƙwayar mutuwa idan wa'adinta ya cika. A limfomar manto kuwa CCND1 na kuromozom na 11 ne. Musayar ita kaɗai ba ta isa ta zama cuta: ana samun ta 14 da 18 a jinin manya da yawa masu ƙoshin lafiya. Sai wasu lahani sun biyo baya.

Rawar sauro da birus ɗin Epstein-Barr

A 1964, Anthony Epstein, Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani birus a cikin ƙwayoyin ƙarin Burkitt. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya na ɗauke da shi, galibi ba tare da wata illa ba, amma ana samunsa a kusan dukkan limfomar Burkitt ta yankunan zazzaɓi na Afirka. Ƙwayar da MYC ya fi ƙarfinta takan kashe kanta, birus ɗin ne ke taimaka mata ta tsallake wannan hukunci.

Shi kuma zazzaɓin da ke maimaituwa yana tilasta wa ƙwayoyin B rabuwa ba hutu, yana tsawaita aikin AID, yana kuma raunana ƙwayoyin T da ke tsare birus ɗin. Wani gwaji a kan ɓeraye da aka wallafa a 2015 daga jami'ar Rockefeller ta Amurka ya nuna cewa zazzaɓi mai daɗewa na ƙara tsinkewar ADN a ƙwayoyin B ta hanyar AID. Wannan ne dalilin da ya sa taswirar cutar ke bin ta zazzaɓin cizon sauro, ciwon da gidajen kudancin Nijar da arewacin Najeriya suka sani kowace damina.

Abin da ya kamata iyaye su sani

Musayar na aukuwa ne a ƙwaya ɗaya bayan haihuwa. Ba gadonta ake yi ba, kuma yaro ba ya shafa wa ɗan uwansa cutar. Ta fi kama yara ƴan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata. Alamunta sun haɗa da kumburin muƙamuƙi ko kewayen ido, girgiɗar haƙora, da kumburin ciki.

Ƙarin na iya ninkawa cikin awa 24 zuwa 48, don haka makon da aka ɓata ana shafa magani a gida ba ƙaramar asara ba ce. Wannan saurin rabuwa kuma shi ne rauninta, domin magungunan kimiyoterapi sun fi cin ƙwayoyin da ke rabuwa. A ƙasashe masu wadata, kusan yara 9 cikin 10 na warkewa. A Afirka kudu da Sahara adadin ya yi ƙasa da haka sosai, saboda zuwa asibiti a makare, tsadar jinya da yanke magani kafin a kammala. Duk kumburin fuska ko na ciki da ke ƙaruwa cikin ƴan kwanaki a jikin yaro na buƙatar likita ya duba shi nan take.