Yadda Alƙalami Ya Shiga Ajin Kwamfuta

Sa'ad da Jami'ar Purdue ta Amurka ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta a 1962, abin da ake nema wurin ɗalibi shi ne lissafi da iya sarrafa na'ura. Rubutu kuwa aikin malaman Turanci ne, can a wani sashe daban.

Girman aiki ne ya fara sauya tunani. A 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana a garin Garmisch na Jamus, saboda manyan ayyukan manhaja sun zama alaƙaƙai: ga cin kuɗi, ga wuce wa'adi. Manhajar da ɗaruruwan mutane ke haɗawa ba ta tafiya sai kowa ya rubuta abin da ya yi yadda na bayansa zai gane. A 1975 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya fito fili ya ce bayan basirar lissafi, babban jarin mai rubuta manhaja shi ne ƙwarewa a harshensa na gado.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kai maganar cikin aji shi ne Donald Knuth na Jami'ar Stanford. A 1987 ya koyar da kwas guda a kan rubutun lissafi kawai. Yakan kawo rubuce-rubucensa da gyare-gyaren da editoci suka yi musu, a bi su jimla bayan jimla: me ya sa bai dace a fara jimla da alamar lissafi ba, me ya sa alamomi biyu ba za su zauna kusa da juna ba sai da kalma a tsakani. Ya gayyato baƙi irin su Paul Halmos da Leslie Lamport, kowa ya faɗi tasa. Bayanan da aka ɗauka a ajin sun zama littafi a 1989. A ganina wannan kwas ya fi kowace doka tasiri, don babban malamin fannin ne da kansa ya riƙe jan biro.

Doka ta biyo baya. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya a Amurka ta sa iya isar da saƙo cikin abubuwan da dole jami'a ta nuna ɗalibanta sun samu. Jami'ar MIT ta ƙara gaba: daga 2001 kowane sabon ɗalibi sai ya yi darussa huɗu masu nauyin rubutu da jawabi, biyu daga ciki a fanninsa. A darasinta na tsarin kwamfuta, ɗalibai kan rubuta rahoton tsarin da suka ƙirƙira, malamin rubutu da malamin fanni su duba, a mayar musu su sake.

A jami'o'in Najeriya kuwa, an fi barin wannan aiki ga kwas ɗin Turanci na ajin farko, wanda ɗalibin kwamfuta ke zama tare da na sauran fannoni, tun bai rubuta manhajar da zai yi wa bayani ba.