Tarihin Ƙa'idojin Rahoton Kuɗi na Duniya da Tasirinsu ga Lissafin Kamfanoni

Ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, waɗanda akantoci ke kira IFRS a taƙaice, dokoki ne da ke tsara yadda kamfani zai bayyana abin da ya mallaka, da bashin da ake bin sa, da kuɗin da suka shigo masa, da ribar da ya ci ko asarar da ya tafka a shekara. Wata hukuma mai zaman kanta da ke birnin Landan ce ke fitar da su, kuma ƙasashe fiye da 140 sun wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari su yi aiki da su. Amurka ba ta cikin waɗannan ƙasashe, domin tana da nata tsarin.

Idan an fitar da sabuwar ƙa'ida, ko kwabo ba ya ƙaruwa a asusun kamfani, ba ya kuma raguwa. Abin da ke sauyawa shi ne alƙaluman da ake nuna wa jama'a. Sai dai da waɗannan alƙaluma ne banki ke yanke shawarar ba da rance, da su ake raba riba ga masu hannun jari, da su kuma hukuma ke gane ko jarin banki ya kai ko bai kai ba. Shi ya sa duk sabuwar ƙa'ida takan zo da ce-ce-ku-ce.

Asali

Kafin 1973 kowace ƙasa da irin lissafinta. Mai zuba jari a ƙetare ya zama kamar mai sayen hatsi da ke bin kasuwanni, kowace kasuwa da girman tiyarta, ba ya iya sanin inda aka fi sauƙi. A watan Yunin 1973 ƙungiyoyin akantoci na Ostireliya, Kanada, Faransa, Jamus, Japan, Meziko, Holan, Birtaniya da Ailan, da Amurka suka kafa wani kwamiti a Landan mai suna IASC, ƙarƙashin jagorancin Henry Benson. Kwamitin ya fitar da ƙa'idoji 41 masu laƙabin IAS. Na farko-farkon ba su da ƙarfi sosai, don sau da yawa sukan bar wa kamfani zaɓi biyu ko uku a kan abu guda, kuma babu wanda aka tilasta wa bin su.

Abin da ya faru da kamfanin motoci na Daimler-Benz ya nuna wa duniya girman matsalar. A 1993 kamfanin ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York, don haka dole ya gabatar da lissafinsa iri biyu. Bisa tsarin Jamus ya ci ribar mak (kuɗin Jamus na wancan lokaci) miliyan 615. Bisa tsarin Amurka kuwa, a wannan shekara dai, ya yi asarar mak biliyan 1.8 da ɗoriya. Kamfani ɗaya ne, motocin da ya sayar su ne dai, amma sakamako ya sha bamban kamar gabas da yamma.

A 2001 aka rushe kwamitin aka kafa hukumar IASB mai ma'aikata na dindindin, David Tweedie ya zama shugabanta na farko. Shekara ɗaya bayan haka Tarayyar Turai ta yi dokar cewa daga 2005 duk kamfanin da ke kasuwannin hannayen jarinta zai yi aiki da IFRS. Wannan doka ce ta ba ƙa'idojin haƙora, sauran ƙasashe suka biyo baya.

Bashin banki

Rikicin kuɗi na 2008 ya tona asirin tsohuwar ƙa'idar IAS 39. A ƙarƙashinta banki ba ya rubuta asara a kan rancen da ya bayar sai an ga alama a fili cewa mai cin bashin ya gaza. Bankuna suka yi ta nuna riba har zuwa ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Shugabannin ƙasashen G20 suka nemi a gyara, aka kammala IFRS 9 a 2014, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018.

Yanzu tun ranar da banki ya ba da rance zai ware wani kaso na asarar da ake hasashe cikin watanni goma sha biyu masu zuwa, ko da mai bashin bai saɓa alkawari ba. Idan haɗarin ya ƙaru sosai, misali biya ya yi jinkirin fiye da kwana talatin, sai a ware asarar da ake hasashe har ƙarshen wa'adin rancen. Gyaran yana da kyau, amma ya ɗora nauyi mai yawa a kan hasashe: farashin mai, darajar kuɗi, hauhawar farashi. Bankuna biyu masu irin bashi ɗaya suna iya fitar da adadi daban-daban, kowanne da hujjarsa. Nan ne aikin masu binciken kuɗi ya ƙara wuya.

A shekarar 2018 ɗin dai IFRS 15 ta fara aiki, wadda ta tsara lokacin da kamfani zai ce ciniki ya faɗa har ya rubuta kuɗin shiga. Kamfanin waya da ya haɗa wayar hannu da data na shekara ya sayar a farashi ɗaya, dole ya raba kuɗin: na wayar nan take, na data kuwa wata-wata.

Haya

Babu sabuwar ƙa'idar da ta sauya fuskar lissafin kamfanoni kamar IFRS 16, wadda aka fitar a Janairun 2016 ta fara aiki a 2019. A da, kamfanin jiragen sama yana iya hayar jirage na shekara goma sha biyu, ba zai iya janyewa daga biya ba, amma a jadawalin kadarori da basussukansa babu jirgin, babu bashin. Hukumar IASB ta ƙiyasta cewa kamfanonin da ke kasuwannin hannayen jari suna da alkawuran haya na kusan dala tiriliyan 3.3, kuma fiye da kashi 85 cikin ɗari ba sa fitowa a wannan jadawali.

A ɗauki kamfanin da ya kama hayar sito na shekara goma, yana biyan naira miliyan 10 a ƙarshen kowace shekara. A tsohon tsari akanta zai rubuta miliyan 10 a matsayin kuɗin haya, shi ke nan. A sabon tsari zai lissafa darajar dukkan biyan a yau. Idan kuɗin ruwa kashi 15 ne, za ta kama kusan miliyan 50. Wannan adadi zai shiga ɓangaren bashi, ya kuma shiga ɓangaren kadara a matsayin haƙƙin amfani da siton. A shekarar farko za a cire miliyan 5 na raguwar darajar kadarar, da miliyan 7.5 na kuɗin ruwa, jimla miliyan 12.5. Mai sito ya karɓi miliyan 10 ɗinsa kamar kullum, amma ribar da kamfanin zai nuna ta ragu da miliyan 2.5, bashinsa kuma ya yi tsalle. A shekarun ƙarshe abin yakan juye, cirewar ta yi ƙasa da miliyan 10. Kamfanin da ya yi wa bankinsa alkawarin bashinsa ba zai wuce wani mizani ba yana iya wayar gari ya keta alkawarin ba tare da ya ci sabon bashi ba. An dai yafe wa hayar da ba ta wuce wata goma sha biyu ba, da ta ƙananan kaya.

A ganina wannan ƙa'ida ta yi daidai. Alkawarin biya da ba a iya kauce masa bashi ne, ko da wane suna aka kira shi.

A Najeriya da maƙwabtanta

Najeriya ta daɗe da nata ƙa'idojin masu laƙabin SAS, waɗanda hukumar NASB ke fitarwa tun bayan kafa ta a 1982. Binciken da Babban Bankin Najeriya ya yi a 2009, zamanin gwamnansa Sanusi Lamido Sanusi, ya gano ruɓaɓɓun basussuka a bankunan da rahotonsu ke nuna lafiya lau, har aka zuba naira biliyan 620 don ceto su. A Yulin 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koma IFRS daki-daki: kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari a 2012, sauran manyan kamfanoni a 2013, ƙanana da matsakaita a 2014. Dokar 2011 ta maye gurbin NASB da Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya. Gana ta riga Najeriya komawa IFRS, tun 2007. Nijar, Chadi da Kamaru suna bin tsarin SYSCOHADA, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2018, kuma daga 2019 kamfanoninsu da ke kasuwar hannayen jari suna haɗawa da IFRS.

Babban Bankin Najeriya bai saki nasa ma'aunin ba. Idan abin da dokarsa ta ce banki ya ware saboda asarar rance ya fi na IFRS, ana ajiye bambancin a wani asusun da ba a raba wa masu hannun jari.

Faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023 ta nuna tasirin ƙa'idar haya ƙarara. Kamfanin MTN Nigeria yana hayar turakun sadarwa, kuma wani ɓangare na kuɗin hayar yana bin dala. Tun da hayar ta zama bashi a littafi, duk faɗuwar naira sai ta kumbura shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanin ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, alhali kuɗin shigarsa sun ƙaru.

Abin da ke tafe

IFRS 17 ta kamfanonin inshora ta fara aiki a 2023. A Afrilun 2024 aka fitar da IFRS 18, wadda za ta sake tsara jadawalin riba da asara, ta tilasta nuna ribar ainihin sana'a bisa ma'auni ɗaya, ta kuma sa kamfani ya yi bayanin duk wani adadin riba da shugabanninsa suka ƙirƙiro don tallata kansu. Za ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2027, kuma dole a sake jera alƙaluman 2026 bisa sabon tsarin don kwatantawa.

Doka ta wajabta wa kamfani ya faɗi, a cikin bayanan da ke bin jadawalin lissafinsa, waɗanne ƙa'idoji aka fitar da bai fara aiki da su ba, da tasirin da yake sa ran za su yi. Mai hannun jari da ya ga riba ta tashi ko ta faɗi ba zato, ya buɗe wannan shafi tukuna kafin ya saya ko ya sayar.