Likitancin Dabbobi a Arewa: Daga Sansanin Allura Zuwa Asibitin Jami'a

Kafin a samu aji ko allo, a cikin garke aka fara koyar da likitancin dabbobi na zamani a ƙasarmu. Musabbabin kuwa ita ce bushiya, cutar da ta ratso ƙasar Hausa wajen 1890, ta share shanu har wasu Fulanin suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Da Turawa suka kafa mulki, suka ga jangali na daga cikin manyan hanyoyin shigar kuɗi, sai suka buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya, daga baya suka mayar da shi Vom, kusa da Jos, a 1924. Kada mu ɗauka tausayin saniya ne kaɗai ya motsa su.

Likitocin Turawa ba su da yawa, ƙasa kuma ga faɗi. Dole suka ɗauki 'yan ƙasa suna koya musu aiki a sansanonin allura: yadda ake kayar da bijimi, inda ake soka allura, yadda ake gane dabbar da zazzaɓi ya kama tun kafin ta kwanta. Waɗannan su ne malaman dabbobi da kakanninmu suka sani. Ko da aka buɗe makaranta a Vom a 1941, masu koyarwar su ne dai ma'aikatan da ke haɗa rigakafi, suke fita daji. Wanda ya yanka mushe da safe don gano abin da ya kashe shi, shi ne zai shiga aji da rana.

Akwai wani malamin da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato makiyayi. Shi ya raɗa wa cututtukan suna, ya bambanta sammore da ciwon hanta, ya san kirci ya fi tashi da damina. Tun kafin zuwan Bature, makiyaya a Afirka ta Yamma na yi wa shanunsu rigakafin ciwon huhu ta hanyar tsaga fatar hanci su cusa ɗan yankin huhun wadda ta kamu. Likitan da ya daɗe yana shiga ruga ya san irin tambayar da zai yi wa mai shanu, ya kuma san lokacin da zai yi shiru ya saurara. Littafi ba ya koyar da wannan.

A tsakiyar shekarun 1960 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a Samaru, da taimakon malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Tsarin da aka bi shi ne ɗalibi ya ƙare karatunsa a asibitin koyarwa, yana duba dabbar da mai ita ya kawo da gaske, likita na tsaye a kansa. Ga kuma motar asibiti da ke kwasar ɗalibai zuwa rugage da gonaki. Lokacin ya dace da gangamin JP15 da aka fara a 1962 a yankin Tafkin Chadi, wanda ya haɗa Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi wajen yi wa shanu allurar bushiya. Da aka yi sakaci bayan gangamin, cutar ta dawo da ƙarfi a 1983. Sai a 2011 aka shelanta kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Yau aikin ya sauya kamanni. Akwai tsangayoyi a Sakkwato da Maiduguri da wasu wurare, ɗalibai sun ƙaru, amma yawancin dabbobi marasa lafiya ba sa isa asibitin jami'a. Suna hannun likitocin da ke da ɗan shago a gari, da masu zagaya gonakin kaji, da masu duba nama a mayanka tun asuba. A ganinmu, jami'ar da ba ta jawo irin waɗannan su riƙa kama hannun ɗalibanta ba, za ta yaye wanda ya haddace sunan kowace ƙwayar cuta amma hannunsa na rawa ran da aka kira shi kan saniya mai naƙuda. Wanda zai yi asarar kuwa shi ne mai saniyar, wanda watakila ita ce kuɗin makarantar 'ya'yansa na shekara guda.