Minti Ashirin da Tara da Daƙiƙa Hamsin da Tara

A shekarar ƙarshe ta karatuna na jami'a na ari kyamara domin in ɗauki kakana yana ba da labarin fataucin mahaifinsa zuwa Gwanja, da yadda ayari ke biyan kuɗin fito a kowace mashiga. Yana tsakiyar zayyana sunayen zanguna sai kyamarar ta tsaya don kanta. Ban ankara ba sai da ya kammala. Kafin in koma, rai ya yi halinsa. Na daɗe ina zargin kaina, har bincike ya nuna mini cewa abin da ya katse shi ma kuɗin fito ne.

Asalin zancen na komawa ga Disambar 1996, lokacin da Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta yi taron ministocinta na farko a Singafo. A can aka ƙulla yarjejeniyar da ta yafe harajin kwastan a kan kayayyakin fasahar sadarwa, ciki har da kyamarar dijital ta ɗaukar hoto. Kyamarar bidiyo kuwa ba ta samu wannan rangwame ba.

Ba a jima ba na'ura guda ta iya aikin biyun, sai jami'an kwastan suka shiga tsaka mai wuya: a wane gurbi za a ajiye ta? A 2007 Tarayyar Turai ta yanke hukunci. Kyamarar da ke ɗaukar bidiyo mai inganci na tsawon minti 30 ko fiye ba tare da yankewa ba, kyamarar bidiyo ce, kuma harajinta ya kama daga kashi 4.9 zuwa 14 cikin ɗari. Wadda ta gaza haka ta shige kyauta.

Masu ƙera kyamara suka samo mafita mai arha: suka umarci na'urorinsu su tsaya a minti 29 da daƙiƙa 59. Gaskiya ne zafin na'ura da iyakar girman fayil su ma sukan katse ɗauka, amma wannan adadi na kwastan ne. Wasu kamfanoni sun taƙaita takunkumin ga kayan da za su shiga Turai, wasu kuwa suka ɗaura wa na ko'ina. Haka dokar Burasel ta iso zauren kakana.

A Disambar 2015, a taron Nairobi, aka faɗaɗa yarjejeniyar ta haɗa da ƙarin kayayyaki 201, aka riƙa zaftare harajin daki-daki. Zuwa 2019 sababbin kyamarori marasa wannan iyaka suka fara yawaita a kasuwa.

Abin da ke hannuna yanzu rabin labari ne: zanguna huɗu, na biyar ya yanke a bakinsa. Mahaifinsa ya san mai karɓar fitonsa, har sukan yi ciniki. Ni kuwa na biya nawa ban ma san an tare ni ba.