Panucci na kwance a waje, amma doka ta ƙirga shi

Yau zan mayar da ku daren 9 ga Yunin 2008, wani gidan kallon ƙwallo a Ƙauyen Alu, inda na ga dattawa masu furfura suna neman cin kwalar juna a kan satar gida.

Gasar cin kofin Turai ce, Holan da Italiya, a birnin Bern na Suwizalan. Wajen lokacin Isha'i, minti na 26, Buffon ya fito ya ture ƙwallo, ya yi karo da mai tsaron bayansa Christian Panucci, Panucci ya faɗi can bayan layin raga, ya kwanta. Sneijder ya ɗaɗo ƙwallo, Van Nistelrooy da ke tsaye shi kaɗai gaban gola ya sa mata ƙafa, ta shige. Wallahi kowa a ɗakin nan ya miƙe. Rabinmu na rantsuwa satar gida ce tsagwaronta, ni ma ina cikinsu. Alƙalin wasa Peter Fröjdfeldt, ɗan Suwidin, ya ce ta ci. Luca Toni ya je ƙorafi, ya samu katin gargaɗi. Aka tashi 3 da nema.

Don mu gane, sai mun koma baya kaɗan. A dokar 1866, sai 'yan wasa uku na abokan hamayya sun kasance tsakaninka da layin ragarsu. A 1925 aka mayar da su biyu, har yau kuma biyun ne. To a daren nan Buffon ɗaya. Ina na biyun? Wanda ke kwance a waje.

Dama can akwai tanadi kan mai tsaron bayan da ya fice da gangan don ya jefa abokin hamayya cikin satar gida: a bar wasa ya ci gaba, daga baya a ba shi kati. Amma Panucci ai ba wayo ya yi ba, faɗuwa ya yi. Nan gardamar take. Washegari hukumar UEFA ta fito ta ce alƙali ya yi daidai, tunda bai ba Panucci izinin fita ba. A 2009 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta rubuta shi ɓaro-ɓaro: duk mai tsaron bayan da ya bar fili ba da izini ba, ko mene ne dalili, za a ɗauka yana tsaye kan layi har wasa ya tsaya. A 2016 aka ɗan sassauta: idan ƙungiyarsa ta fitar da ƙwallo daga yadi na 18 ta nufi tsakiya da ita, an daina ƙirga shi. A ganina wannan gyaran shi ne adalci, don ba a bar wanda ya ji ciwo ya zama tabarmar abokan gaba ba.

Ɗan gaba fa? Shi an yarje masa ya fice don nuna ba ruwansa da wasan. Amma in ya dawo ta layin raga ya shiga wasan kafin a tsaya ko a fitar da ƙwallon, kan layin za a ɗauke shi.

Shekaru bayan nan na busa wani wasan unguwa a Tarauni. Mai tsaron baya ya fita ɗauko takalminsa da ya cire, aka ci su, na ce ta ci. Suka yo kaina caa. Ina ta kiran sunan Panucci, wani yaro ya ce, "Malam, wane ne kuma Fanuci, ɗan wace unguwa ne?" A kan babur ɗin wani aka fitar da ni, usur ɗina ma can na baro shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.