Abubuwan da Ke Sa Ma'aurata Komawa Saduwa da Wuri Bayan Haihuwa

Bayan haihuwa, jikin mace yakan ɗauki kusan mako 6 kafin mahaifa ta koma yadda take, jinin biƙi ya tsaya, rauni kuma ya warke. Idan mun ce "da wuri", muna nufin saduwa kafin wannan lokaci ya cika. Sau da yawa wasu dalilai ne ke jawo haka, ba don jikin ya warke ba.

Na farko, matsin miji. Mace takan yarda ko tana jin zafi, don gudun rigima ko tsoron kada mijin ya nemi wata a waje.

Na biyu, canjin zama. Dā mai jego takan tafi gidan iyayenta har ta yi arba'in. Yau a birane ma'aurata da yawa suna ɗaki ɗaya, babu uwa ko kaka kusa.

Na uku, haihuwa mai sauƙi. Wadda ba a yi wa ɗinki ko tiyata ba takan ɗauka ta warke, alhali ciki bai gama warkewa ba.

Na huɗu, rashin bayani. Kunya takan hana mu tambayar ma'aikatan asibiti, su ma ba kullum suke ɗaga maganar ba.

Na biyar, karkatar da Nassi. Wasu sukan riƙe 1 Korintiyawa 7:3-5 kamar sanda, alhali wurin ya ba da damar dakatawa na ɗan lokaci bisa yardar juna. Littafin Firistoci sura 12 ma ya keɓe wa mai jego kwana 40 ko 80. Wannan dokar tsarkakewa ba ta ɗaure mu ba, amma ta nuna ba a gaggauta wa mai jego.

Gaggawa tana iya kawo ƙwayoyin cuta cikin mahaifa, zubar jini, ɓallewar ɗinki, da kwanika. Mace tana iya ɗaukar ciki tun al'ada ba ta dawo ba. Shayarwa tana ba da kariya ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar jira aƙalla wata 24 kafin wani ciki.

Don haka, miji ya raka matarsa awon mako 6, su tambayi likita tare. A jira jini ya tsaya, rauni ya warke, ita kuma ta ce ta shirya. Haƙurin miji a wannan lokaci ƙauna ce irin wadda Afisawa 5 ta koya mana.