Doki da Zafin Bazara a Ƙasar Lafiya da Obi: Abin da Magabata Suka Sani

Tun lokacin da Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa Lafiya, sama da shekara 200 da suka wuce, doki ya zama alamar sarauta a wannan yanki. Sai dai riƙon doki a nan bai taɓa zama abu mai sauƙi ba. Daga Arewa ake kawo dawaki, kuma da sun gangaro kwarin Binuwai sai su haɗu da abokan gaba biyu: ƙudan tsando mai sa sammore, da zafi mai haɗe da laima. A Kano ko Katsina iska busasshiya ce, gumi na bushewa ya sanyaya jiki. A Obi kuwa, daga Maris zuwa Afrilu, gumin zuba kawai yake yi, jiki na ci gaba da ɗaukar zafi.

Fatake masu zuwa sayen gishirin Keana da Awe sun san wannan. Madugu yakan ta da ayari tun asuba, a sauka zango kafin rana ta take, a kwance kaya, a shayar da dabbobi, a ba su kanwa. Doki mai aikin wahala yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, gishirin jikinsa na bin gumin. Kanwar nan ita ce ke mayar da wani ɓangare na abin da ya rasa.

A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, an yi gasar Olamfik a Atlanta ta Amurka cikin tsananin zafi. Binciken da likitocin dabbobi suka yi domin gasar ya nuna cewa kwara wa doki ruwan sanyi a kai a kai shi ya fi saurin ceton ransa.

Yanzu maganar ta dawo ƙofar gidanmu. Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin bazara a farkon shekarun 1990, sai ga shi ta 2024 ta zo a watan Afrilu, ta 2025 kuma a ƙarshen Maris. Matasan da ke hawa yau ba su san wancan zamanin ba.

Idan doki ya fara haki ba ƙaƙƙautawa, yana tangaɗi, a sauke sirdi da kayan ado, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa. Haka mutum: idan zafin jikinsa ya wuce digiri 40, yakan ruɗe, ya faɗi, har ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa yana sume. A kwantar da shi ta gefe, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti.

Masu shirya hawa su duba lokaci, su tanadi ruwa ga doki da mahayi da 'yan kallo. Allah ya kiyaye mu.